Ku Tambayi Kawu: Yawon dare a Wikipedia, ilimi ne ko ƙona data?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wasiƙun da suka shigo sun yi yawa, amma na lura biyar daga ciki duk abu ɗaya suke kewayawa, wato wannan kundin na intanet da ake kira Wikipedia da irin labaran ban mamaki da mutum ke cin karo da su a ciki, sai na ce bari in haɗa su in amsa a zama ɗaya. Mai tambaya a kan maganin basir da mai tambaya a kan rabon gado ku yi haƙuri, ni ba likita ba ne ba kuma alƙali ba, na miƙa wasiƙunku inda ya dace.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Zariya. Wallahi matsalata ita ce duk lokacin da na shiga Wikipedia don in duba abu ɗaya na asamen sai in tsinci kaina ƙarfe biyun dare ina karanta abin da bai shafe ni ba, shekaranjiya ma labarin wani zakara na karanta wai an sare masa kai amma ya ci gaba da rayuwa. Dan Allah gaskiya ne? Kuma wannan ɗabi'ar tawa ɓata lokaci ce ko kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Zakaran nan gaskiya ne, sunan da suka sa masa Mike. A watan Satumba na 1945 ne wani manomi a garin Fruita na jihar Kolorado a Amurka ya ɗauki gatari zai sare shi don miyar dare, sai gatarin ya cire mafi yawan kan amma ya kuskure babbar jijiyar wuya, ya kuma bar kunne ɗaya da gindin ƙwaƙwalwa, to shi wannan gindin ƙwaƙwalwar shi ke kula da numfashi da bugun zuciya, jinin kuma ya daskare ya toshe wurin bai zuba ya ƙare ba. Zakara ya miƙe ya kama tafiyarsa. Mai shi ya ga abin ya fi ƙarfin tukunya, sai ya riƙa ɗiga masa madara da ruwa ta maƙogwaro da irin abin ɗiga maganin ido, yana jefa masa 'yan ƙwayoyin masara, yana yawo da shi gari gari ana biyan kuɗi ana kallo. Wata 18 ya yi a haka, ya mutu a Maris 1947. Har yanzu garin na yi masa biki duk shekara. Da a nan ne da tuni an ce na aljanu ne an kira mai ruƙiyya.

Batun ɓata lokaci kuwa, ka zo inda ciwon yake, don ni ma mai irin cutarka ne. Akwai daren da na shiga duba farashin alkama a duniya, ban san yadda aka yi ba sai ga ni a Ostareliya a 1932 ina kallon sojoji na yaƙi da tsuntsaye. E, tsuntsaye. Sunansu emu, ƙannen jimina ne, ba sa tashi sama amma gudu kamar mashin, suna kai kusan kilomita 50 a awa. Kimanin 20,000 suka afka wa gonakin alkama a yammacin ƙasar, manoman kuma tsoffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne da gwamnati ta ba filaye, to ka san soja, maganin da ya sani shi ne bindiga, sai suka je wajen ministan tsaro suka ce a ba su. Aka turo wani Manjo Meredith da sojoji biyu da bindiga mai jigida guda biyu da harsashi 10,000. Da an buɗe wuta sai tsuntsayen su watse ƙungiya ƙungiya kowa ya kama gabansa, aka ɗora bindiga a kan mota, motar ta kasa kamo su ga gargada mai harbi ya kasa saiti. Da aka tashi lissafi a Disamba, rahoton Manjon ya ce an kashe 986 da harsashi 9,860, wato harsashi goma kan kowane tsuntsu, lissafin da ya yi daidai wa daida har ya sa ni zargi. Daga baya gwamnati ta koma biyan lada ga duk wanda ya kashe da kuma kafa shinge, wannan ne ya fi aiki.

Na yi dariya sosai, amma ka ga abin da na tashi da shi? Na gane yadda karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta rusa farashin alkama, na gane yadda ake sallamar tsohon soja da gona a filin da bai dace da noma ba, sannan na tuna da jan baki da ke cinye mana gero da shinkafa a Kebbi da Jigawa da Yobe har sai an kawo jirgin feshi. Ashe ba mu kaɗai tsuntsu ke sa wa kuka ba. Wanda ya karanta wannan ya fi wanda ya kwana yana zagin mutane a kwament ɗin Facebook riba. Sai dai ɗana, malaminka ba zai ba ka maki don zakara ba. Ka gama asamen tukuna, yawon ya zama ladan gamawa.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Ina son karanta irin waɗannan labaran ina ba yara a aji, amma maigidana ya ce kowa na iya shiga ya rubuta abin da ya ga dama, don haka duk ƙarya ce kar in cusa wa 'ya'yan mutane. Waye mai gaskiya tsakaninmu?

AMSA: Lafiya lau Malama, a gaida maigida. Ba zan shiga tsakanin mata da miji ba, amma rabin maganarsa gaskiya ce. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe shafin a ranar 15 ga Janairu 2001, tsarinsa kenan, 'yan sa kai ke rubutawa, kuma mafi yawan shafuka kowa na iya taɓawa. An kuma sha yin ƙarya a ciki, ba ƙarama ba ma.

Bari in ba ki wadda ta fi ba ni dariya. A 2012 wasu ɗaliban jami'a a Ingila suna zaune a aji, malaminsu na gargaɗinsu kar su dogara da Wikipedia, sai ɗaya ya ɗauki kwamfuta nan take ya shiga shafin na'urar gasa burodi ya rubuta cewa wani ɗan Sikotlan ne ya ƙirƙiro ta a 1893, sunan da ya sa kuwa sunan abokinsa ne da ke zaune kusa da shi. Daga baya ya buɗe wa mutumin shafi guda har da hoto, hoton ma nasa ne ya gyara ya yi kamar na zamanin da. Jaridu suka kwasa, littattafai suka kwasa, wata firamare a Sikotlan ta ware rana guda don tunawa da shi, har aka saka sunansa cikin waɗanda ake ba da shawarar a buga hotonsu a takardar fam 50. Abin haushin shi ne da jarida ta kwafa daga Wikipedia sai a dawo a kafa hujja da jaridar a cikin Wikipedia, ƙarya ta haifi shaidarta da kanta. Shekara goma ana haka sai a 2022 wani yaro ɗan shekara 15 ya ƙura wa hoton ido ya ce wannan bai yi kama da tsohon hoto ba. Nan asiri ya tonu.

Ta ƙasar Sin ma ta fi wannan. Wata mata mai amfani da sunan Zhemao ta shafe wajen shekara goma tana rubuta tarihin Rasha na zamanin da a Wikipedia ta Sinanci, muƙala sama da 200, tana cakuɗa gaskiya da ƙirƙira, ta ƙago wata mahaƙar azurfa a garin Kashin da yaƙe-yaƙen da aka yi a kanta da sarakai da taswira, tana cewa ita 'yar jami'in diflomasiyya ce mai digirin digirgir daga Mosko. Wani marubucin labarai ne da ke neman abin da zai gina littafinsa a kai ya bi manazartar da ta kawo ya tarar wasu littattafan babu su, wasu kuma shafin da ta ambata bai ce haka ba. A 2022 ta fito ta nemi afuwa ta ce ita matar gida ce, sakandare ta gama. Ni dai wallahi na ce wannan da littafin hikaya ta rubuta da ta yi kuɗi.

To ina rabin da maigida bai faɗa ba? Duk waɗannan labaran ƙaryar a Wikipedia na karanta su, suna da shafi guda da suke jera ƙarairayin da aka kama a cikinsu da tsawon lokacin da kowace ta yi. Wane guruf ɗin WhatsApp ne ke yin haka? Saƙon da aka ce a tura wa mutum goma ba shi da uwa ba shi da uba, shi kuwa wannan komai a buɗe yake. Kina ganin 'yan ƙananan lambobin nan da ke maƙale a ƙarshen jimla? Ki danna, za su kai ki ƙasa inda aka ce ga littafi ko jaridar da aka samo maganar. In jimla ta zo da abin mamaki kuma babu lamba a bayanta, ki ajiye ta gefe. In akwai lamba ki duba shekarar da aka buga abin, wanda aka buga tun kafin 2001 ba zai yiwu a ce daga Wikipedia ya kwafa ba. Akwai kuma wurin tarihin shafi a sama, yana nuna wa ya canja me kuma yaushe, da wurin tattaunawa inda editoci ke ta cacar baki, wani lokacin rigimar ta fi muƙalar daɗi. Ke da kike Nijar ma kina da wata dama, ki karanta abu da Faransanci sannan ki juya shi zuwa Inglishi ko Larabci, mutane daban ne suka rubuta, in ƙarya ce ta mutum ɗaya da wuya ki same ta duka wuraren. Ai da za ki koya wa yaran wannan binciken da kansa, da ya fi musu labarin ma amfani.

TAMBAYA: Kawu duk labaran da kuke kawowa na Turawa ne. Mu ba mu da abin mamaki ne? Daga wani direban babbar mota, Damagaram.

AMSA: Direba sannu da hanya, Allah ya tsare. Ka kuwa taɓo inda nake so, kuma labarin farko na 'yan sana'arka ne, ka yi haƙuri.

A tsakiyar hamadar Tenere, kan hanyar da ayarin raƙuma ke bi daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri, an yi wata bishiya guda ɗaya tal, dangin su bagaruwa da farar ƙaya, ba ta fi mita uku ba. Ana ce mata bishiyar da ta fi kowace kaɗaici a duniya, don ana cewa sai ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ka ga wata. Saboda muhimmancinta har a manyan taswirori ake saka ta kamar gari. Ita ce ragowar wani kurmi na lokacin da wurin ke da danshi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita tsakanin 1938 da 1939 sai aka tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 ta kai ga ruwa. Buzaye masu ayari shekara da shekaru suna yada zango a gindinta, ba wanda ya taɓa karyar reshe ya dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminsa ya ci ganyenta, kowa ya san alama ce ta hanya. To a 1973 sai wani direban babbar mota, an ce ɗan Libiya ne kuma an ce a buge yake, ya zo ya banke ta. Dan Allah ka tsaya ka yi tunani, fili fetal ko'ina, gabas yamma kudu arewa ba komai sai rairayi, abu ɗaya ne kawai ake iya karo da shi a duk faɗin wurin, shi ɗin ya samu. Kuma ba shi ne na farko ba, tun kafin nan wata mota ta taɓa bugunta ta karya mata ɓangare. A Nuwamban shekarar aka kwashi gawarta aka kai gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, tana nan har yau an yi mata rumfa, a inda take a da kuma aka kafa ta ƙarfe. In lodi ya kai ka Yamai ka leƙa ka ba ta haƙuri a madadin ƙungiya.

Ka tsallako Najeriya. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna na ƙaramar hukumar Fune a jihar Yobe ta yanzu, ya yi zurfin wajen mita biyar sai ya ci karo da katako. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita takwas. Masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. A Yobe fa, inda yau ake kukan hamada, don a wancan zamanin tafkin Chadi ya ninka na yanzu nesa ba kusa ba. Na tambayi samari biyar a majalisarmu ko sun san shi, babu ko ɗaya, amma duk sun san wanda ya ci wa Arsenal ƙwallo a makon.

Akwai kuma wata dabbar zamanin da da aka tono ƙasusuwanta a Gadufawa cikin Nijar har aka sa mata sunan ƙasar, Nigersaurus, mai haƙora sama da 500 da baki mai faɗi kamar shebur. Akwai tafkin Nyos a Kamaru da a daren 21 ga Agusta 1986 ya yi aman wata iska mai nauyi da ta taru a ƙarƙashinsa, ta gangaro ƙauyuka ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, wannan kam ba na dariya ba ne, Allah ya jiƙan musulmi ya kyauta namu ƙarshen. Sai Bir Tawil, wani yanki tsakanin Masar da Sudan da kowace ƙasa ke cewa ba nata ba ne. Dalili kuwa Turawan Ingila sun ja iyaka biyu, ɗaya a 1899 ɗaya a 1902, duk wanda ya karɓi Bir Tawil ya yarda da layin da zai raba shi da Halayib, yankin da ya fi girma kuma yake bakin teku. Kowa na son tsoka, an bar ƙashi a faranti.

TAMBAYA: Kawu musu muka yi a teburin mai shayi, na ce akwai yaƙin da aka gama kafin awa ɗaya, abokina ya ce in gaskiya ne zai saya min Indomie da ƙwai biyu. Raba mu. Daga Sabon Zango, Accra.

AMSA: Je ka karɓi Indomie ɗinka, ka ce a sa ƙwai uku. Yaƙin Ingila da Zanzibar ne, 27 ga Agusta 1896. Sarki Hamad bin Thuwaini ya rasu, ɗan'uwansa Khalid bin Barghash ya hau gado ba da yardar Turawa ba, su kuma suna da nasu ɗan takarar, suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe tara na safe ya sauka, ya ƙi. Tara da 'yan mintoci jiragen ruwansu suka fara ruwan wuta a kan fada, kafin minti 45 an gama, wasu na cewa 38. Khalid ya gudu ofishin jakadancin Jamus. Ana saka labarin cikin na ban dariya, amma mutanen sarki wajen 500 ne aka kashe ko aka raunata, a ɓangaren Ingila kuwa sojan ruwa ɗaya ne ya ji ciwo. Shekara bakwai bayan nan, 1903, irin wannan bambancin makamin ne ya iso Kano da Sakkwato. Ka ci taliyarka amma kar ka yi dariya da yawa.

TAMBAYA: Kawu na gwada karanta Wikipedia ta Hausa amma wasu shafukan Hausar kamar ba Bahaushe ya rubuta ba, sai na karanta jimla sau uku ban gane ba. Kuma data na cinye min kuɗi. Ƙanwarka daga Gusau.

AMSA: Ƙanwata ba idonki ba ne, ni ma na gani. Akwai masu ƙoƙari sosai a wurin, matasa 'yan sa kai da ke rubuta Hausa mai kyau ba wanda ke biyansu, amma akwai kuma masu kwaso muƙalar Turanci su watsa wa injin fassara su manna ko karantawa ba su yi ba, sai ki ga an kira mace da shi, an fassara sunan mutum kamar sunan kaya. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya yaren Scots na Sikotlan ba ya rubuta muƙala sama da 20,000 a Wikipedia ta yaren, ya fara tun yana ɗan shekara 12, Turanci yake ɗauka yana canja wa kalmomi rubutu da taimakon ƙamus, kuma da zuciya ɗaya yake yi a ganinsa taimako ne. Shekaru ba wanda ya lura saboda masu yaren ba sa shiga. Da abin ya fashe sai da masu yaren suka zauna suka yi ta gyara suna goge wasu.

Ke da kika iya gane Hausar da ba ta zauna ba, ai ke ake nema. Buɗe akawun kyauta ne, akwai alamar fensir a gefen rubutu, ki danna ki gyara jimla ɗaya ki adana, shikenan kin zama edita. Ki fara da shafin Gusau ko Kwatarkwashi, abin da kika sani.

Data kuwa, rubutu ba ya cin komai, bidiyon TikTok na minti biyar ya fi muƙala masu yawa ci. In kin samu waifai, manhajar Wikipedia tana bari ki adana shafuka ki karanta ba intanet, akwai kuma wata manhaja Kiwix da ake sauke kundin gaba ɗaya a waya ko kwamfuta, na Hausa ba shi da nauyi sosai.

Kafin mako mai zuwa ga wasa na bar muku, ɗana na Zariya kai banda kai sai ka gama asamen. Ku buɗe shafin Kilishi, ba a yarda a rubuta komai a wurin bincike ba, shuɗin rubutu kawai za a riƙa dannawa daga shafi zuwa shafi har a isa shafin tsuntsun emu. Wanda ya isa da dannawa mafi ƙaranci ya turo hanyar da ya bi, zan buga ta a nan. Ni na gwada jiya da daddare, na ɓace a tarihin gyaɗa har NEPA ta ɗauke wuta cajina ya mutu.